Kafson kirfa, man kifi da sauransu: da gaske suna sauke suga da kitsen jini?

Maman_Hassana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu sani a taimaka. Mahaifiyarmu tana da ciwon suga nau'i na biyu, tana kan metfomin safe da dare. Gwajin baya-bayan nan HbA1c ɗinta, wato awon yadda suga ya zauna a 'yan watanni, ya nuna 8.1, kuma likita ya ce kitsen jininta ya hau, ya rubuta mata sitatin. Ita kuwa ta ce ta gaji da haɗiye-haɗiye, ba za ta ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Ana cikin haka sai ƙanwarta ta aiko mata da kwalabe uku: kafson kirfa, man kifi, da wani wai shi kuromiyam. Ta ce mata in ta riƙe waɗannan ba sai ta sha na likita ba, metfomin ɗin ma a hankali za ta rabu da shi. Wadda ta ƙi ƙwaya ɗaya yanzu uku take haɗiya da fara'arta, wai su ba magani ba ne, ƙarin lafiya ne. Shin da gaske suna sauke suga da kitse? Kuma akwai illa in an haɗa su da metfomin?

Baban_Yara:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kirfa dai tana yi, ni ganau ne. Sugana na safe da yana wajen 160, tun da na fara shanta ya dawo wajen 130.

Tsohon_Malami:
Masha Allah, Baban_Yara. Amma bari in tambaye ka tsakani da Allah: a lokacin da ka fara kirfar, ita kaɗai ka sauya? Ba ka rage cin wani abu ba, ba ka fara motsa jiki ba?

Baban_Yara:
Na bar lemon kwalba, kuma ina ɗan taka ƙafa da yamma. Amma Malam ai na sha gwada wannan a baya ban ga komai ba, sai da kirfa ta shigo. Ni dai abin da na gani na faɗa.

Tsohon_Malami:
Ban ƙaryata ka ba wallahi. Kawai dai wanda ya sayi kwalba da kuɗinsa yakan fi dagewa a kan sauran abubuwan ma. Ka ga ba mu san wa za mu gode wa ba a cikin ukun.

Famasis_Rabi:
Bari in sa baki a kan kirfa, don ita aka fi tambayata a wajen aiki. Maganar ta yi ƙarfi ne tun daga wani bincike da aka yi a Pakistan, aka buga shi a mujallar Diabetes Care a 2003. Mutum 60 ne kacal. Wasu aka ba su giram 1 na kirfa kullum, wasu 3, wasu 6, har kwana 40, sauran kuma aka ba su kafson da ba kirfa a ciki. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai: suga ya sauka, LDL (mummunan kolestarol) ya sauka, tiraigiliseraid (wani nau'in kitsen jini) ma haka. Daga nan kasuwa ta buɗe.

Sai dai da wasu suka maimaita a wasu ƙasashen, abin bai zauna ba. Wannan ya ga ɗan sauƙi, wancan bai ga komai ba. A 2012 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 10 masu ɗauke da mutum 577, ta ce hujjar ba ta isa a ce kirfa tana maganin ciwon suga ba. Wasu tattarawar da aka yi bayan nan sun ga sugan safe yana ɗan sauka, don haka abin da Baban_Yara ya gani ba abin mamaki ba ne. Amma HbA1c, wanda shi ke nuna yadda suga ya zauna a wata biyu zuwa uku, ba ya motsi yadda za a jingina da shi. Mai 8.1 kuwa sauka ta gaske take nema, don yawancin manya ƙasa da 7 ake so su kasance.

Kuma a duba wace kirfa ce a kwalbar. Wadda ta fi yawa a duniya ita ce kasiya, tana da wani sinadari kumarin da ke taɓa hantar wasu mutane in ya yi yawa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sa iyakarsa miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato mai kilo 60 miligiram 6 ke nan. Ƙaramin cokali ɗaya na kasiya na iya kai wannan iyakar. Ta Siri Lanka kumarin ɗinta kaɗan ne sosai. Barbaɗawa a abinci ba komai, amma kafso kullum wata da watanni magana ce daban.

MaiShakka:
Ku dai kullum "babu hujja, babu hujja". Wa zai kashe kuɗinsa ya binciki kirfa alhali ba zai iya mallakarta ya sayar shi kaɗai ba? Kamfanonin magani su ke biyan kuɗin bincike, abin da suke so shi ake gani.

Anti_Talatu:
MaiShakka ka faɗi gaskiya a wannan.

Tsohon_Malami:
Rabin gaskiya dai, Anti. Masu sayar da kafson kirfa su ma ai ba sadaka suke yi ba, kamfanoni ne.

Dakta_Auwal:
Salamu alaikum. MaiShakka, ƙorafinka yana da tushe, kuma zan ba ka misalin da za ka iya riƙewa a kaina. A 2022 asibitin Cleveland Clinic da ke Amurka ya yi wani gwaji mai suna SPORT. Mutum 190 suka kammala shi, wasu aka ba su sitatin mai suna rosubastatin miligiram 5, wanda shi ne ƙaramin ma'auni, wasu ƙwayar bogi wadda ba magani a cikinta, sauran kuma aka rarraba su a kan kafso iri shida: man kifi, kirfa, tafarnuwa, kurkur, sitirol na tsirrai, da jar shinkafa mai yis. Bayan kwana 28 sitatin ya sauke LDL da kusan kashi 38 cikin 100. A cikin shidan nan babu wanda ya fi ƙwayar bogi yadda za a ƙirga. Yanzu ga naka: kamfanin AstraZeneca, mai yin rosubastatin, shi ya ba da kuɗin binciken. Kwana 28 kuma gajere ne, kowane rukuni mutanensa kaɗan ne, kuma ba masu ciwon suga aka zaɓo musamman ba.

Shi ya sa ban tsaya a kansa ba. Abin da ya fi damuna da Hajiya ba lambar da ke takardar gwaji ba ce, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne, don su ne suka fi ɗauke masu ciwon suga nau'i na biyu. A 2004 an buga binciken CARDS da aka yi a Birtaniya da Ayilan, masu ciwon suga 2,838 da ba su taɓa samun ciwon zuciya ba. Sitatin mai suna atobastatin miligiram 10 ya rage manyan matsalolin zuciya da jijiyoyin jini da kashi 37 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa don bai dace a ci gaba da ba wasu ƙwayar bogi ba. Babu kafson kirfa ko kuromiyam da aka taɓa nuna ya yi irin wannan. Maman_Hassana, in aka musanya sitatin da waɗannan kwalaben, a nan babban haɗarin yake, fiye da a cikin kwalaben su kansu.

Abu_Hanif:
Dakta amma na ji ana cewa sitatin shi kansa yana ɗaga suga. To ina amfanin?

Dakta_Auwal:
Gaskiya ne, yana ɗan ɗagawa, kuma ga wanda dama yake bakin gaɓa yana iya tura shi ciki. Amma ɗagawar kaɗan ce, kariyar da yake ba zuciya ta rinjaye ta nesa. In ya sa wa mutum ciwon tsoka, a koma wa likita ya rage ko ya sauya iri, ba a jefar ba.

Maman_Hassana:
Na gode ƙwarai Dakta, na gode Famasis. To man kifin fa? Shi ne ta fi yarda da shi, don ta ce har likitoci suna rubuta shi.

Ɗalibin_Likita:
In Dakta ya ba ni dama in gwada. Kitsen jini ba abu ɗaya ba ne, Maman_Hassana. A duba takardar, za a ga LDL, HDL (kolestarol mai kyau) da tiraigiliseraid, kowanne da layinsa. Man kifi, wato omega-3, tiraigiliseraid yake saukewa, ba LDL ba. Omega-3 na kifi iri biyu ne, EPA da DHA, wani lokaci ma irin mai DHA yana ɗan ɗaga LDL ɗin. Kuma sai an sha da yawa, wajen giram 4 a rana, sannan yake sauke tiraigiliseraid da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ɗauki kwalbar ki juya bayanta. A gaba za ki ga an rubuta 1000 da manyan baƙaƙe, amma a baya, cikin ƙananan rubutu, yawancin kafson gama-gari EPA 180 ne da DHA 120, wato 300 ke nan a kowace ƙwaya. Kafin ta kai ma'aunin da ake magana sai ta haɗiye fiye da goma a rana. Suga kuwa man kifi ba ya sauke shi.

Dakta_Auwal:
Madalla, ka yi daidai. In ƙara da maganar zuciya. Binciken ASCEND na Birtaniya, 2018, masu ciwon suga 15,480, giram 1 na omega-3 kullum sama da shekara 7: babu bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu da masu shan ƙwayar bogi. Wanda likitoci ke rubutawa daban ne, tsantsar EPA ce giram 4, wadda aka gwada a REDUCE-IT a kan mutum 8,179, ta rage haɗarin da kashi 25 cikin 100. Amma ku lura, dukkansu suna kan sitatin dama, ƙari aka yi musu, ba musanya ba. Kuma har yau masana na gardama a kansa, don man da aka sa a ƙwayar bogin ana zargin shi ma ya ɗan cutar, sannan wani gwajin, STRENGTH a 2020, da ya haɗa EPA da DHA bai ga amfani ba. Yawan ma'aunin kuma yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya.

Wani abu da ake mantawa: yawan suga shi kansa yana ɗaga tiraigiliseraid. Sau da yawa in suga ya daidaita, shi ma sai ya bi baya. In kuwa ya haura 500, wannan maganar gaggawa ce don yana iya kumbura fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin.

Famasis_Rabi:
Kuromiyam kuma a taƙaice: jiki ɗan mitsitsi yake buƙata, kuma ƙarancinsa ba kasafai ake samu ba. Tun 2005 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta duba hujjojin ta ce alaƙarsa da ciwon suga abu ne mai matuƙar shakku. Mai ciwon ƙoda ya nisance shi.

Nas_Ladi:
Ni abin da ke tsorata ni ba waɗanda ba sa aiki ba ne. Waɗanda suke aiki fiye da kima ne. An taɓa kawo mana wani dattijo cikin dare, rigarsa sharkaf da zufa, yana surutai ba kan gado, 'ya'yansa sun ɗauka shanyewar jiki ce. Muka soki yatsa, suga 41. Muka ɗura masa gulukos ya farfaɗo, har yana tambayar wa ya kawo shi nan. Kafin asuba ya sake faɗuwa, muka sake ɗagowa, ya sake. Metfomin kaɗai yake sha, kuma metfomin shi kaɗai ba ya jefa mutum haka. Da aka matsa wa iyalin sai 'yarsa ta zaro wata kwalba daga jaka, koriya, da hoton ganye, an rubuta tsantsar tsirrai. Ta ce tun da ya fara sha sugansa ya yi kyau har suna murna. Likitan da ke kan aiki ya ce irin wannan faɗuwa mai maimaituwa salon gilibenkilamaid ce, wani maganin asibiti mai sauke suga da ƙarfi.

Famasis_Rabi:
Sista Ladi, wannan ba sabon abu ba ne. FDA ta sha gano gilibenkilamaid da metfomin a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa "na tsirrai". A 2013 ta aika wa kamfanoni 15 takardar gargaɗi kan kayan ciwon suga da ake sayarwa ba bisa ƙa'ida ba. Kuma mutane su sani, ganin "an yi a Amurka" a kwalba ba shaida ba ce. A ƙarƙashin dokarsu ta 1994, irin waɗannan kayan ba sai hukuma ta gwada ta amince kafin su shiga kasuwa ba, yadda ake yi wa magani. Sai matsala ta bayyana sannan a bi sawu. Duk kafson ganyen da ya faɗo da suga cikin kwana biyu, ni tuhumarsa nake yi.

Anti_Talatu:
Innalillahi. To in ya faɗi haka a gida me ake yi kafin a kai asibiti?

Nas_Ladi:
In ya yi ƙasa da 70 kuma mutum yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, wajen giram 15, a jira minti 15 a sake gwadawa. In bai hau ba a maimaita. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Kuma a tafi da duk kwalaben da yake sha, har waɗanda ake jin kunyar nunawa.

Yarinyar_Baba:
Ba wanda ya yi maganar baberin, sinadarin tsirran nan da ake sayarwa a kafso? A TikTok kowa shi yake yabo, wai shi ne Ozempic (allurar nan ta suga da rage ƙiba) na tsirrai.

MaiShakka:
Yauwa. Dakta sai ka ce shi ma ba ya yi.

Dakta_Auwal:
A'a, ba zan ce haka ba. A cikin duk abin da aka lissafa a nan, baberin ne ya fi nuna alamar yana sauke suga da LDL da gaske. Akwai wani ƙaramin gwaji a ƙasar Sin a 2008, mutum 36 sababbin kamu, inda ya yi kafaɗa da kafaɗa da metfomin cikin wata uku. Amma yawancin gwaje-gwajensa ƙanana ne, gajeru, kuma ba wanda ya bi mutane shekaru ya ga me ya faru da zuciyarsu ko ƙodarsu. Kwatanta shi da Ozempic kuwa talla ce kawai, ba hanya ɗaya suke bi ba. Kuma tunda yana aiki, to magani ne, yana da halin magani: murɗar ciki, gudawa ko taurin bayan gida, sannan yana rage saurin da hanta ke sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini. Mai juna biyu, mai shayarwa da jariri ba a ba su sam.

Tsohon_Malami:
Wani abin da zai yi wa MaiShakka daɗi: metfomin ɗin ma asalinsa daga tsiro ne. Wani ganye ne da Turawa suka daɗe suna amfani da shi, Galega officinalis, daga sinadarin cikinsa aka kama hanya. Likitan Faransa Jean Sterne ne ya gwada metfomin a kan masu ciwon suga a 1957, sannan babban binciken UKPDS na Birtaniya a 1998 ya nuna amfaninsa na dogon zango. Ka ga ba ƙin tsirrai ake yi ba. Wanda ya ci jarrabawa sai ya koma shagon magani, a san ma'auninsa.

MaiShakka:
To ai ka ga inda nake zuwa. Da an bi irin maganarku a wancan lokacin, da an ce ganyen ma ba hujja. Ni har yanzu ina ganin ba a ba kirfa da hulba irin damar da aka ba wannan ba.

Anti_Talatu:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ni shekaru na yi a kan metfomin, yanzu tafin ƙafata kamar ana tsira min allura, da dare kuma zafi kamar na taka garwashi. An ce min ciwon sugan ne ya taɓa jijiya. Akwai kafson da ke taimakawa?

Dakta_Auwal:
Anti, wannan shi ne wurin da ƙarin bitamin yake da muhalli na gaske. Daɗewa a kan metfomin yana rage shigar bitamin B12 cikin jiki, kuma ƙarancin B12 yana kawo irin wannan alamar sak, sai a ɗora wa suga laifi. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka tana ba da shawarar a riƙa auna B12 lokaci-lokaci ga masu shan metfomin, musamman mai ƙarancin jini ko ciwon jijiya. Ki nemi a auna miki. In ya yi ƙasa, ƙwaya ko allura tana gyarawa, kuma gara da wuri, don jijiyar da ta daɗe da lalacewa ba lalle ta dawo daidai ba. Matsayar ƙungiyar a kan sauran kayan ita ce ba ta ba da shawarar bitamin, ma'adinai ko ganye don sauke suga ga wanda ba shi da ƙarancin wani abu.

Famasis_Rabi:
Kuma Anti kar ki je ki sayi haɗin bitamin B mai ƙarfi ki yi ta sha ba awo. B6 in ya yi yawa aka daɗe a kai, shi ma yana lalata jijiyar da ake son gyarawa.

Abu_Hanif:
Tunda an shigo bitamin B, wani abokina niyasin, wato B3, yake sha don kolestarol, ya ce yana ɗaga mai kyan.

Ɗalibin_Likita:
Yana ɗaga HDL a takarda, amma ga mai ciwon suga abin lura ne, don yana ɗaga suga. Binciken HPS2-THRIVE na 2014, mutum 25,673, bai ga ya rage ciwon zuciya ba a kan sitatin, sai ma rikicewar suga da ya ƙaru, wasu kuma da ba su da ciwon suga suka kamu da shi.

Uwar_Gida:
Ni fa siliyam nake sha, garin ɓawon nan da ke kumbura a ruwa. Likitata ce ma ta ce in gwada saboda taurin ciki, sai ga LDL ya ɗan sauko a gwaji na gaba. In ka zuba a kofi ka juya, dole ka shanye nan take, in ka tsaya amsa waya sai ka dawo ka tarar ya daskare cokali na tsaye a ciki. Satin farko dai cikina ya yi ta ƙugi, ba na son shiga mutane.

Famasis_Rabi:
Hhh Uwar_Gida, haka yake. Wannan yana cikin 'yan kaɗan ɗin da nake iya yi wa shaida. Kaurin nan da yake yi shi ne aikin: yana rage saurin shigar suga bayan an ci abinci, yana kuma riƙe ruwan matsarmama a hanji, sai hanta ta jawo kolestarol daga jini don ta yi sabo. LDL kan sauka da wajen kashi 5 zuwa 10 cikin 100, kuma tun 1998 FDA ta yarda a rubuta amfaninsa ga zuciya a jikin kaya. Kaɗan ne in aka gwada da sitatin, amma na gaske ne. A sha da cikakken kofin ruwa, a fara da kaɗan, a kuma ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da sauran magunguna. Mai wahalar haɗiya kada ya sha.

Mahaifin_Sadiq:
Don Allah ina roƙon duk mai karanta wannan zaren: abin da ake tattaunawa na nau'i na biyu ne. Ɗana nau'i na ɗaya gare shi, jikinsa ba ya yin insulin kwata-kwata. Kullum sai an samu mai son mu da alheri da zai ce mu bar allura mu gwada kaza. Yaro irin wannan in aka tsayar masa da insulin, cikin ɗan lokaci jininsa zai yi tsami ya galabaita, ana rasa rai a haka. Babu kafson da ke maye gurbinta.

Nas_Ladi:
Allah ya saka da alheri, Mahaifin_Sadiq. Allah ya raya shi.

Baban_Yara:
Amin. To bitamin D fa? Shi ma an ce yana hana ciwon.

Dakta_Auwal:
An gwada a Amurka, binciken D2d na 2019, mutum 2,423 da suke dab da kamuwa, ma'auni (IU) 4,000 kullum. Masu shan bitamin ɗin sun ɗan fi kaucewa, amma bambancin bai kai a tabbatar ba. Da aka haɗa shi da wasu manyan gwaje-gwaje biyu a 2023, sai aka ga ragin wajen kashi 15 cikin 100. To akwai ɗan abu a wurin, amma ga wanda bai kamu ba tukuna. Wanda ya riga ya kamu, sai in an auna an ga yana da ƙaranci. Haka magnesiyam: masu ciwon suga da yawa nasu yana ƙasa, cike giɓin yana da kyau, amma mai raunin ƙoda in ya sha zai taru masa a jini.

Maman_Hassana:
Na zauna da Hajiya na karanta mata wasu daga cikin amsoshin nan. Labarin Sista Ladi ya taɓa ta. Ta yarda za mu kwashi kwalaben mu kai wa likitanta, kuma ta ce za ta fara sitatin ɗin, amma da sharaɗin ba za a raba ta da kirfarta ba. Na duba bayan kwalbar, kasiya ce. Ƙanwar tata kuma ta yi fushi, ta ce mun raina mata kyauta.

Tsohon_Malami:
A lallashi Inna, niyyarta mai kyau ce. In likita ya bar Hajiya da kirfar, shawarata a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a jira wata uku a sake HbA1c. In aka fara abu huɗu rana ɗaya, ko an ga sauƙi ba a san na wane ne ba.

MaiShakka:
Kuma in ya sauka za ku ce sitatin ne ko tafiya, ba za ku taɓa cewa kirfa ba.

Ɗalibin_Likita:
Sitatin ai ba ya sauke suga, Yaya, don haka ba za mu ba shi wannan ladan ba. Amma tunda an zo maganar awo, HbA1c ma yana iya ruɗi. A jikin jajayen ƙwayoyin jini ake auna shi, su kuma kwana 120 suke yi a ƙiyasi. Mai ƙarancin sinadarin ayon (iron) a jini nasa kan nuna sama da gaskiya, in ya fara shan ƙwayar ƙarin jini sai lambar ta sauko ba tare da suga ya canja ba. Wanda ya zubar da jini, ko aka yi masa ƙarin jini, ko mai sikila, nasu ma ba abin dogaro ba ne. Sannan masu na'urar auna suga da ake mannawa a dantse su karanta takardarta, wasu nau'o'in FreeStyle Libre bitamin C sama da miligiram 500 a rana yana sa su nuna suga sama da yadda yake. Mutum na faɗuwa na'ura na ce masa lafiya lau.

Uwar_Gida:
Famasis, jar shinkafar nan mai yis da Dakta ya ambata, wata ta ce min ita ce sitatin na halitta, ba illa. Na ga kamar ta fi sauƙi ga mai tsoron sitatin.

Famasis_Rabi:
Rabin farkon maganarta daidai ne. Sinadarin da ke cikinta, monakolin K, shi ne sitatin mai suna lobastatin, ba bambanci. Don haka ciwon tsoka da taɓa hanta da ake gudu a sitatin, suna nan a cikinta, sai dai ke ba ki san nawa kike sha ba, wata kwalbar da yawa, wata kusan babu. Tarayyar Turai a 2022 ta taƙaita shi zuwa ƙasa da miligiram 3 a rana saboda rahotannin illa. A Japan kuma a 2024 an janye wani samfurinta daga kasuwa bayan mutane da dama sun kwanta asibiti da ciwon ƙoda, saboda gurɓatar da ta shiga wajen haɗawa. In kina kan sitatin kada ki haɗa su, ninki biyu ke nan.

Abu_Hanif:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Matata tana da juna biyu, an ce sugan ciki ya kama ta. Wata ta ba ta shawarar kafson hulba. Ta sha?

Dakta_Auwal:
Kada ta sha, Malam. Hulba mai yawa irin ta kafso ba a ba mai juna biyu. Ta bi tsarin abincin da aka ba ta a wajen awo, ta riƙa gwada suga yadda aka nuna mata, in bai daidaita ba za su sa mata insulin ko abin da ya dace. Bayan ta haihu kuma a sake gwada ta tsakanin sati 4 zuwa 12, don wadda ta yi sugan ciki tana cikin haɗarin nau'i na biyu daga baya.